Dokar Sarki da Hajjin da Babu Tasrihi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar shanu ne a Oko-Oba, Agege. Muna hira bayan Isha'i wani abokina ya ce zai shiga Saudiyya da bizar ziyara, ya laɓe har lokacin hajji, tunda kuɗin kujera ya fi ƙarfinsa. Na ce masa bai halatta ba, ya ce ai dokar sarki ba aya ba ce, ba hadisi ba. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abokin naka ya kama gaskiya ta wutsiya, ya saki kanta.

Lallai dokar sarki ba wahayi ba ce, su ma mutanen Saudiyya ba su ce haka ba. Tsarin mulkin da Sarki Fahd ya fitar a 1992 ya faɗa tun a sashe na farko cewa Alƙur'ani da Sunna su ne kundin ƙasar. Shi ya sa suke kiran dokokinsu nizami, wato tsari. Da umarnin sarki aka kafa Majalisar Shura da mutum 60, yau sun kai 150. Da shi Sarki Abdullah ya shigar da mata 30 cikinta a 2013, da shi Sarki Salman ya ba mata izinin tuƙa mota a 2017. Abin da wannan sarki ya sa wa hannu, na bayansa yana iya sokewa. Aya kuwa babu mai soke ta.

Amma kasancewarta ba wahayi ba bai sa ta zama wasa ba. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 59, a bi Allah, a bi Manzo da ma'abota al'amari. Annabi (SAW) kuma ya iyakance wannan biyayya da abin da yake alheri. To, ma'aunin ke nan: in shugaba ya yi umarni da saɓo, ba a bin sa, in ya tsara abin da shari'a ta bari a buɗe don maslahar jama'a, bin sa wajibi ne. Sayyidina Umar ya kafa diwani, wato rajistar sojoji da masu karɓar rabo daga baitulmali, ba tare da aya ta sauka a kai ba, sahabbai suka amince.

Tasrihi, wato takardar izinin yin hajji da hukumomin Saudiyya ke bayarwa, yana cikin kashi na biyu. Mina kwari ce tsakanin duwatsu, ba ta ƙara faɗi don alhazai sun ƙaru. A hajjin 2024 fiye da mutum 1,300 suka rasu saboda zafi, hukumomin Saudiyya kuma suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izini: ba tanti, ba mota, sai tafiyar ƙasa a tsakar rana. A shekarar ce Majalisar Manyan Malamai ta ƙasar ta ce fita hajji ba tasrihi zunubi ne. Ni ma a nan na tsaya. Ƙari a kai, wanda ya karɓi bizar ziyara ya yi alƙawarin ziyara ce ta kai shi, mumini kuwa ba ya saɓa alƙawari.

In ya riga ya je ya cika rukunai, hajjinsa ya inganta, sai dai ya tuba. In bai je ba, ka faɗa masa wanda ba shi da hali hajji bai wajaba a kansa ba. Ya ci gaba da tari, ya biya ta hukumar alhazai. Wallahu a'alam.