Amsa: Yaya ake tace maniyyi kafin dashen ciki?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an auna maigida a nan Sakkwato, ƙwayoyin maniyyinsa sun yi ƙaranci kuma ba su da kuzari, kina tambaya me likita ke nufi da "za a tace".

Hanya mafi sauƙi, a zuba wani ruwa na musamman a saman maniyyin a bar shi kamar awa guda. Ƙwayoyi masu lafiya su yi iyo su hau sama, a kwashe su. Wata hanyar kuma a juya shi a na'ura, matattu da datti su rabu da masu kyau.

Idan ƙarancin ya yi tsanani, sai ICSI: ƙwararre ya duba da madubin likita, ya ɗauki ƙwaya ɗaya tak ya tsira ta cikin ƙwan mace. A Beljiyam aka fara samun haihuwa ta haka a 1992.

Amma ni dai a fara maimaita gwajin bayan wata uku, don ko zazzaɓi ma kan rage adadin. Kafin gwajin ya ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7, a kai samfurin cikin awa ɗaya, kada a bar shi a mota cikin ranar Sakkwato. Allah Ya kawo rabo mai albarka.