Ɗan yayana yana rasa gani: ta ina za mu fara haɗa gudummawa?

Tambaya: Likita, ɗan yayana mai shekara 9 ya fara da dundumi, da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango, yanzu kuma ko da rana yana tuntuɓe da buta ko kujera a tsakar gida. Dangi sun yanke shawarar a yi karo-karo a fitar da shi Masar ko Indiya. Yaya za mu tsara wannan gudummawa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka muku da alheri bisa wannan zumunci. Sai dai Hajiya, shawarata ita ce kada a karɓi ko sisin kowa da sunan fita waje kafin likitan ido ya rubuta muku sunan cutar a takarda, domin abin da Bahaushe ke kira dundumi yana da asali fiye da ɗaya. Akwai wanda ƙarancin sinadarin bitamin A ke haddasawa, musamman ga yaron da ya yi fama da ƙyanda, kuma maganinsa ba shi da tsada idan an kama shi da wuri. Akwai kuma na gado, wanda ke cinye tantanin gani na can bayan ido sannu a hankali, ya fara da dare, sannan ya riƙa ƙuntata ganin gefe har yaro ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu. Tuntuɓen da kika ambata ya sa na fi zargin na biyun, kuma irin wannan babu aikin tiyatar da ke dawo da abin da ya tafi, ko a Alƙahira ko a Delhi. Na sha ganin iyalin da suka sayar da gona suka tafi, suka dawo da bayanin da za a iya yi musu a gida.

Daga Zariya, Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba ta da nisa, ga kuma asibitin ido na cocin ECWA a Kano. Ku tafi da ƙannensa da yayyensa a duba su, tunda ana zargin gado. Kafin nan, kada a ɗiga masa ruwan albasa, ko nonon uwa, ko wani haɗin kasuwa, domin waɗannan na iya jawo hakiya a idon da da ma yake neman ɗauki.

Idan sakamako ya fito ya tabbatar da cewa na gado ne, sai a zauna kan kuɗi. Na fi son gudummawar wata-wata, ko da kaɗan ce, a kan tarin kuɗi na rana ɗaya, saboda hidimar yaron nan ta shekaru ce: kuɗin mota zuwa asibiti, tabarau, gilashin ƙara girman rubutu, farar sanda, da wayar da ke karanta rubutu da murya. A buɗe asusu na daban wanda mutum biyu za su riƙa sa hannu, ɗaya daga dangin uba, ɗaya daga dangin uwa, kuma duk rasit ɗin da aka karɓo a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp na dangi. Ina kuma roƙon kada a yaɗa hoton fuskarsa a Facebook ana neman taimako, domin yaro ne mai wayo, kuma abokan karatunsa za su gani.

Kaso mafi tsoka karatunsa ya kamata ya ci. Tun yana da sauran gani ya fi sauƙi ya koyi rubutun makafi na Braille, mai ɗigo 6, ya kuma saba da sanda. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana aiki tun 1953, akwai kuma makarantar masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki, Kano. A yanzu dai, mahaifinsa ya je ya ga malamin aji, a dawo da shi bencin gaba, a kuma daina sauya wa kayan tsakar gida wuri ba tare da an gaya masa ba.