Gashin kyanwata yana zubewa, wane magani zan saya?

Tambaya: Likita, gashin kyanwata yana zubewa a kunne da gefen ido, wurin ya yi zagaye kamar zobe, yana ɓarɓashi. Kwana goma ina shafa mata man ƙaiƙayi na mutane, abin sai ƙaruwa yake yi. Wane magani zan saya?

Amsa: Malama, ki dakata da sayen magani tukuna, man nan ma ki ajiye shi. Da yawa daga irinsa suna ɗauke da siteroyid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi amma ya buɗe wa makero hanyar yaɗuwa. Makero kuwa shi na fi zargi a nan. Sai dai zargi ne kawai, domin makero da ƙazuwa da cizon ƙuma kan yi kama da juna a ido, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne.

In kin kai ta asibitin dabbobi, likita zai fara haska wurin da fitilar Wood, wata fitila ta musamman ta gwajin fata, a ɗaki mai duhu. Gashin da Microsporum canis ya kama, wato naman gwarin da ya fi haddasa makero a kyanwa, yakan yi ƙyallin kore. Rashin ƙyalli bai wanke ta ba. Shi ya sa ake tsige gashi daga bakin zagayen, ba tsakiya ba, a duba a madubin likita, a shuka saura a ɗakin gwaji a ga ko naman gwarin zai tsiro. Nan ne masu dabbobi ke gajiya, don sakamakon kan kai mako 2 zuwa 3 kafin ya fito. Gwajin PCR, mai gano ƙwayar halittar naman gwarin, ya fi sauri inda ake da shi.

Zai kuma kankare fatar da wuƙar tiyata don neman ƙwarin ƙazuwa. Kada hankalinki ya tashi in kin ga ɗan jini, domin ƙwaron nan mai suna Demodex can cikin ramin gashi yake ɓuya. Sannan a manna salatif a fatar, a rina shi, a nemi bakteriya da yis.

Kada ki yi mata wanka kafin zuwa, kuma ki tafi da kwalin man da kika shafa. Maganin ƙuma na kare mai ɗauke da sinadarin famitirin kada ya kusance ta, yana kashe kyanwa. Makero yana kama mutane, musamman yara, don haka ki keɓe ta a ɗaki ɗaya, ki wanke shimfiɗarta, ki kuma duba hannaye da wuyan yaran gidan yau ɗin nan.