Amsa: Suturar da ba ta cutar da kowa, don doguwar mace, a nan Legas

'Yar'uwa, kin ce tsawonki ya kusa ƙafa 6, kayan kanti duk ɗangalallu ne a jikinki, kuma kina son masu ƙarko da ba a ci gumin kowa wajen yinsu ba. Shawarata, ki rabu da kanti, ki kama tela.

Matsalar tana wajen faɗin yadi. Turmin atamfa yadi 6 ne, amma faɗinta bai wuce inci 45 zuwa 48 ba, kuma faɗin nan shi ke zama tsawon zani. Shi ya sa yake tsaya miki sama da idon sawu. Ki sa tela ya yi ƙari na inci 5 ko 6 ta wajen ƙugu, inda riga za ta rufe, ko ya yanka siket bisa tsawon yadin, in zanen ya yarda.

Auduga zalla za ki nema a kasuwar Balogun, ko adire, wato rinannen yadin Yarbawa, na kasuwar Itoku a Abeokuta. Ki zare zare ɗaya ki ƙona: auduga toka take zama, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. A jiƙa yadin ya bushe kafin a sa almakashi, don auduga tana tsukewa a wankin farko, nan hannun riga ke gudu.

A auna daga kafaɗa zuwa ƙugu daban, yawancin teloli nan suke kuskure. Kalmasa a bar inci 2.

Gwanjon kasuwar Katangua ma hanya ce, sai dai ki tafi da tef ɗin awo. Tela kuma ki biya shi kuɗin aikinsa cif, kar ki matse shi.