Tambaya da Amsa: Wai da gaske ruwa ya yi kilomita 50 ba inji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya turo min hoton wata gada hawa uku a waya, wai Rumawa ne suka gina ta don kai ruwa garin Nimes tun ba a san inji ba, ni dai ban yarda ba gaskiya, mu nan ko fadama sai da injin ban ruwa. Daga mai noman rani, wani ƙauye kusa da Ringim.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ƙanen naka bai yi maka ƙarya ba Malam. Sunan gadar Pont du Gard, tana kan kogin Gardon a kudancin Faransa, tsayinta wajen mita 49, an gina ta a ƙarni na 1 miladiyya lokacin garin ana ce masa Nemausus. Ruwan daga wata maɓuɓɓuga kusa da Uzes yake tasowa, ya bi magudana ta kusan kilomita 50, yawancinta a ƙarƙashin ƙasa take, gadar ita ce inda ya tsallake kwari kawai.

To ga inda abin yake, tsakanin maɓuɓɓugar da garin gangaren bai wuce mita 13 ba duk tsawon nan, wato sun auna ƙasa sosai da sosai har ruwa yana tafiya da kansa a hankali ba famfo ba fetur, kamar dai yadda ruwan Tiga ke gangarowa kanal zuwa Kadawa, sai dai su ba su da kayan awon zamani. Ni abin da ya fi burge ni kenan, ba girman duwatsun ba. Ruwan ya riƙa shiga gidajen wanka da wuraren ɗiban ruwa na gari shekaru ɗaruruwa, da aka daina yashe magudanar farar ƙasa ta taru a ciki ta toshe hanya, wajen ƙarni na 6 ruwa ya tsaya.

Garin kansa akwai filin wasan Rumawa da a zamaninsu yake ɗaukar mutum kusan 24,000, har yau ana taro a ciki, ga ɗakin bautarsu Maison Carree da UNESCO ta saka a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2023. Af, Musulmi ma sun riƙe garin a ƙarni na 8, har an tono kaburbura uku masu fuskantar alƙibla a can. Ka ce wa ƙanen naka ya hau bas ya je ya ɗauko maka bidiyon saman gadar, nan ne hanyar ruwan take.