Iyaye sun ce darasin tsaron intanet makarantar 'yan Yahoo ce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da kwamfuta a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya. Na kawo shawarar mu fara koya wa manyan ɗalibai tsaron intanet, sai iyaye suka yi mini ca a wurin taro, wai 'yan Yahoo za mu ƙyanƙyashe. Shugaban makaranta ya ja baya, ni ma jikina ya yi sanyi. Idan yaro ya yi ɓarna da abin da na koya masa, ba ni za a kama ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, tana hukunta mai shiga na'urar wani ba da izini ba da mai damfara, ba malamar da ke koya wa yaro kare kansa ba. Ki rubuta tsarin darasinki, shugaba ya sa hannu, duk wani gwaji kuma a kan kwamfutocin makaranta kaɗai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar iyayen, don kullum sai na ji ta: wai ɗan Yahoo gwanin kwamfuta ne. Wace gwaninta? Yawancinsu daɗin baki kawai suka iya. Waya ce za ta yi ƙara: "Hajiya, daga ƙungiyar Islamiyyarku ne, za a yi taro ta intanet, mun turo miki lambobi shida, karanto mini in saka sunanki." Hajiya ta karanto. Lambobin nan kuwa mabuɗin WhatsApp ɗinta ne. Kafin la'asar an tura wa danginta kaf cewa tana asibiti, a agaza mata da dubu ashirin. Ina kutse a nan? Haka ake yi da BVN, da lambar sirrin katin ATM, da saƙon nan na "ka ci tallafin gwamnati, danna nan". Wanda bai taɓa jin darasi irin naki ba shi ne abincinsu, kuma sau da yawa iyayen da suka tayar miki da jijiyar wuya su ake fara damfara.

Yaran kuma, idan kin yi shiru, akwai masu koya musu. Ga masu tallar "koyi kutse cikin kwana bakwai" nan cike da TikTok da Telegram. Su karɓe kuɗin yaro, su ba shi wata manhaja wai ta leƙen wayar budurwa, ya sauke, ashe hotunansa da lambobinsa take kwasa. Makarantun Yahoo na gaske da EFCC ke kai wa samame, a gidajen haya suke, ba a aji mai manhajar karatu da rajista ba.

Ki fara da ƙaramin abu: kalmar sirri mai ƙarfi, gane saƙon bogi, da abin da yarinya za ta yi idan wani ya yi mata barazana da hotonta. Ko babu wuta ana iya wannan. Ki buga saƙonnin damfara a takarda, su gano inda ƙaryar take. Masu hazaƙa kuma ki sa su a picoCTF, gasar tsaron intanet ta jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka, wadda ake shiga kyauta, inda ake gwajin kutse bisa izini. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har gobe akwai makarantun da ake sa yara zana kibod a littafi, a ce an yi darasi.

A taro na gaba ki roƙi minti goma. Ki tambayi wa aka taɓa ƙwace wa WhatsApp ko aka yashe wa asusun banki, ki ƙirga hannuwa. Sannan kowa ya fito da wayarsa, ɗalibanki su zagaya su kunna musu tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ke hana ɓarawo shiga WhatsApp ɗinsu ko da ya samu lambobin nan shida, daga nan ki sake kawo maganar darasin.