Amsar tambayar ƙanenmu na Marwa kan labarin taswira

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku. Ƙanena na Marwa a nan Kamaru, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce kana son koyon labarin nan da ake ɗorawa a kan taswira, wanda mutum zai taɓa wuri sai hoto ko murya ta fito, kana tambaya wace manhaja za ka sauke, kuma ko dole sai da kwamfuta. To ni dai abin da na ji a muryarka shi ne ba ka san ta inda za ka kama ba, kuma shi zan amsa maka.

Manhaja ba wuya. Akwai StoryMapJS, na Knight Lab da ke jami'ar Northwestern a Amurka, kyauta ne, da asusun Google ake shiga. Kowane shafi wuri ɗaya ne a taswira: ka sa take, ka sa rubutu, ka sa hoto, mai karatu yana matsawa gaba taswirar tana tafiya da shi. Akwai ArcGIS StoryMaps na Esri, ya fi kyau a ido amma ya fi nauyi. Akwai Google My Maps in alama kawai kake son dasawa. Shi kenan, yini ɗaya ya ishe ka. Haɗawar ta fi daɗi a kwamfuta, wannan gaskiya ne, amma sai ka ari ta wani ko ka shiga siba, wato shagon intanet, na awa biyu. Sauran aikin duk da waya ne da ƙafarka.

Bari in ba ka misali da nawa. Ni da tsohuwar tashar jiragen ruwa ta nan Garwa na fara. Yaran yanzu suna wucewa ta gadar Binuwai a kan moto, wato babur, ba su san cewa da can in damina ta yi ruwa ya cika, jirage suna hawowa daga Najeriya, su bi ta Lokoja da Yola har su iso nan ba. Su sauke gishiri da siminti da man fetur, su ɗauki auduga da gyaɗa su juya kafin ruwa ya janye. 'Yan watanni ne kawai a shekara, duk garin kuwa yana jiran lokacin. Na sami wani dattijo, Baba muke ce masa, ya yi dako a wurin yana saurayi. Na zauna da shi la'asar uku. Wuri shida kaɗai na sa a taswirar: bakin tashar, inda rumbunan suke, gadar, kasuwa, unguwar da 'yan dakon suke kwana, sai madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda aka gama a 1984... a'a, 1982 ne, ku gyara min. Ita ce ta canza tafiyar ruwan. Shida fa, ƙanena. Kada ka zuba alama hamsin, mutum ya buɗe ya rasa wacce zai taɓa.

Nan ne kuma abin da har yau yake min ciwo. Kafin wannan na je wani horo na kwana uku da wata ƙungiya ta shirya a otal, ba zan kama suna ba. Suka koya mana mu cika labari da bidiyo manya-manya, don a wurinsu intanet kamar ruwan famfo yake. Na bi yadda suka ce. Na kai wa Baba a wayar jikansa, abu yana ta juyawa, yana ta juyawa, kuɗin datar yaron ya ƙare ko shafi na biyu bai buɗe ba. Mutumin da ya ba ni labarinsa da bakinsa bai gani ba ranar nan. Wallahi na ji kunya. Sannan sunayen wurare, suka ce mu bar su yadda taswirar ta rubuta da Faransanci. Na ce malam, wurin nan masunta suna da sunan da suke kiransa da Hausa, Fulani suna da nasu, me zai hana in sa duka? Aka ce zai rikita mai karatu. Wane mai karatun? Na Paris? Ni don mutanen Yelwa da Rumde Ajiya nake yi. Kai, bari dai in bar maganar nan haka.

Sai na koma na sake shi daga farko. Na cire bidiyo, na sa murya ta minti ɗaya-ɗaya, na rage nauyin hotuna. Ya buɗe lafiya har a garin Pitowa kusa da Garwa ranar kasuwar Lahadi, inda reso, wato sabis ɗin waya, yake wahala.

Abu biyu kada ka manta. In ka tsaya a wuri, danna ka riƙe a kan Google Maps, lambobin wurin za su fito, ka kwafe su nan take a littafi tare da sunan da mutanen wurin suka faɗa maka. GPS ba ya buƙatar data, taswirar ce take buƙata, don haka ka sauke ta tun a gida. Na biyu, hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, bayanin wurin da aka ɗauke shi yana gogewa, ka ce a turo maka a matsayin fayil. Au, da na uku, kuma ya fi su: ka nemi izini kafin ka ɗauki murya ko fuskar kowa, kuma kada ka dasa alama daidai kan gidan mutum. A yankinku na Arewa Mai Nisa ka san halin tsaro, ban sai na faɗa ba.

Ka ambaci Tafkin Cadi. Yana da kyau, a 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma a Google Earth za ka ga yadda ya sauya tun daga 1984, to ka ga inda shekarar nan ta maƙale min a baki ɗazu. Amma ya yi maka girma yanzu. Fara da mayo ɗin nan, wato kogin da ya ratsa Marwa, Kaliyawo, wanda da rani yashi ne zalla, da damina ya cika ya tumbatsa. Ka nemi tsohuwa ɗaya da ta tashi a bakinsa, ka zaɓi wuri biyar, ka turo min jerinsu kafin Juma'a in duba. Ka gaida Inna.